Ɗan Hakin Da Ka Raina: Ƙaramar Bindiga Tsakanin Ƙura Da Tsatsa A Gomari

Duk baƙon da ya sauka Maiduguri ta jirgin sama, kafin ya kai tsakiyar Yerwa sai ya bi ta gefen Gomari, unguwar nan da ta yi maƙwabtaka da filin jirgin. In kuwa zuwan nasa ya dace da tsakiyar hunturu, abin da zai fara gani shi ne hazo ya rufe gari, rana ta yi fari fat kamar faranti, ƙura ta kwanta bisa ganyen darbejiya, ta kwanta bisa motoci, har bisa girar mutane. Ƙurar nan, wadda iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ba ta san ƙofa a rufe ba. Tana shiga akwati, tana shiga agogo, tana shiga keken ɗinki. To, haka nan kuma take shiga bindiga.

Mutanen Gomari ba baƙin ƙarar bindiga ba ne, ko da yake ba su suka gayyato ta ba. Ran 2 ga watan Disamba na 2013, 'yan Boko Haram suka kai hari sansanin mayaƙan sama da ke daura da filin jirgin, mutanen wannan yanki suka wayi gari cikin rugugin wuta. A cikin shekarar ce kuma samarin Maiduguri suka tashi da gora da adda don tsare unguwanninsu, har aka laƙaba musu suna Kato Da Gora. Da aka sace 'yan matan Cibok a watan Afrilu na 2014, maharba ɗaruruwa suka taru a Maiduguri da bindigoginsu na gargajiya da kwari da baka, suna neman a ba su izni su shiga dajin Sambisa, dajin da a da can gandun namun daji ne. Tun daga wannan lokaci bindigar maharbi da ta ɗan banga suka zama abin da ido ya saba gani a bakin unguwa.

Ƙasar Barno ma dai ta daɗe da sanin bindiga. A ƙarshen ƙarni na 16, Mai Idris Alooma ya kawo gwanayen harbi Turkawa Birnin Ngazargamu, suka koya wa bayinsa sarrafa ta, kamar yadda limaminsa Ahmad ibn Fartuwa ya rubuta. Da ƙarfin bindiga kuma Rabeh ya ci Kukawa a 1893, ya kafa zama a Dikwa, har Faransawa suka kashe shi a Kusuri a 1900.

Amma ba bindigar yaƙi ce ta sa muka ɗauki alƙalami yau ba. Maganarmu a kan 'yar autar bindigogi ce, watau mai lamba .22, wadda masu ita ke kira tu-tu. Gaskiya ba ta da yawa a hannun jama'a. Abin da aka fi gani wajen maharba da 'yan banga shi ne adaka, wadda samari ke yi wa ba'a da harba-ka-ruga, sai mai baki ɗaya ko mai baki biyu. Ita tu-tu sai jefi-jefi, a gidan wani tsohon ma'aikaci ko wani mai lambu da ya yanke mata lasin tun zamanin da, don harbin zomo da zabin daji da fakara, ko korar gafiya daga rumbu. Irin su BSA ta Ingila da Brno ta tsohuwar ƙasar Cakoslobakiya suna cikin waɗanda suka yi suna. Ƙarancin nan nata shi ya sa waɗanda suka san yadda ake kula da ita ba su da yawa, in ta faɗa hannun wanda ya saba da adaka sai ya yi mata irin hidimar adaka, ya kashe ta da hannunsa yana tsammanin gyara yake yi.

Inda ta sha bamban

Bambancinta da sauran bindigogi yana a gindin harsashinta. Wanda ya taɓa juya harsashin mai baki biyu zai ga wani ɗan maɓalli a tsakiyar gindinsa kamar cibiya. A nan maganin wutar yake, nan kuma allurar bindiga ke duka. Harsashin tu-tu ba shi da wannan cibiya. Gindinsa shafe yake, an naɗe tagullar ta yi leɓe kewaye, an zuba maganin wutar a cikin leɓen. Idan aka ja kunama, allura ta sauko ta murƙushe leɓen bisa gefen ƙarfen bututu, sai wuta ta tashi, ta kama albarushi. Wani Bafaranshe mai suna Flobert ne ya ƙago wannan dabara a 1845, don harbin wasa cikin ɗaki. Kamfanin Smith & Wesson na Amurka ya fito da gajeren harsashi mai wannan lamba a 1857, sa'an nan a 1887 kamfanin Stevens ya fito da dogon, wanda har yau shi duniya ta fi amfani da shi, har ma da shi ake gasar harbi ta mita 50 a wasannin Olamfik.

Da yake dole tagullar ta kasance sirirya yadda allura za ta iya murƙushe ta, irin wannan harsashi ba ya ɗaukar albarushi mai yawa. Shi ya sa ba shi da ƙara sosai, ba ya dukan kafaɗa, kuma ya fi sauran araha. Kaurin ƙwayarsa wajen milimita 5.7 ne, nauyinta kuwa bai kai giram 3 ba. Amma yana da wani hali guda, watau ƙazanta. Ƙwayar tasa dalma ce mai taushi, an shafe ta da wani irin kaki daga waje don ta yi santsi cikin bututu. Duk harbi ɗaya sai ya bar ɗan kakin nan, da toka, da ɓurɓushin albarushin da bai ƙone ba, da ɗan gugar dalma. A ƙasar da ba ƙura wannan ba wani abu ba ne. A Gomari kuwa, inda iska ke yawo da rairayi, kaki da ƙura in suka haɗu sai su zama wani kwaɓi mai kama da abin wasa wuƙa.

Kada mai karatu ya ji an ce ƙarama ya ɗauka abin wasan yara ce. Ƙwayar tana fita da gudun da ya kai mita 330 ko fiye a daƙiƙa guda, in kuma aka ɗaga baki sama tana iya tafiyar fiye da mil guda kafin ta faɗi, watau nisan da ya isa ta ƙetare unguwa ta sauka tsakar gidan wanda bai ji ba bai gani ba. Ga ta da tsalle in ta bugi ƙasa mai tauri ko fuskar ruwa. Da ƙaramar bindigar hannu mai wannan lamba aka kashe Sanata Robert Kennedy na Amurka a 1968. Da irinta kuma aka harbi Shugaba Reagan ran 30 ga watan Maris na 1981, ƙwayar ma ba kai tsaye ta same shi ba, jikin motarsa ta buga ta yi tsalle, amma duk da haka ta shige ƙarƙashin hammatarsa ta huda huhu. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Saboda haka aikin farko ga mai son share bindiga ba ɗauko tsumma ba ne, tabbatar da cewa ba kome a cikinta ne. A nan ne mutane da yawa suka yi da-na-sani. Mutum ya cire gidan harsasai ya ajiye gefe, ya ce ai shi ke nan, alhali kuwa akwai ɗaya da ya riga ya hau, yana kwance a mazauninsa. Wasu irin tu-tu ɗin ma gidan harsasan nasu wani siririn bututu ne a ƙarƙashin babban, inda harsashi ɗaya kan maƙale saboda dauɗa, ya ƙi fitowa sai ran da ba a neme shi ba. Don haka sai a juya bakin bindiga wajen da ba mutum, ba dabba, ba bangon langa-langa ko zana da ƙwaya za ta iya hudawa. A cire gidan harsasai, a ja sakata baya, a duba mazaunin da ido, a kuma sa ɗan yatsa a taɓa. A kwashe harsasan duka a kai su wani ɗaki dabam, a sallami yara, sa'an nan a zauna.

Gyaran gangar Auzinawa

Bari in ba da labarin abin da ya faru a gidanmu, domin shi ya koya mini yawancin abin da nake faɗi. Wani kawuna, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin gona ne, da ya bar aiki ya zauna Gomari. Yana da tu-tu mai sakata, da lasinta, ya riƙe ta shekara da shekaru tana harbi kamar ran da aka saye ta. Wata shekara ciwo ya kwantar da shi tun farkon damina. Mutanen gida, don gudun kada yara su gani, suka sa ta cikin kubenta na fata, suka naɗe da bargo, suka cusa bayan akwati jikin bango. Ba a sake waiwayarta ba sai da kaka ta yi. Da aka warware, sai ga tsatsa ta yi mata dabbare-dabbare, sakata ta ƙi motsi sai da ƙyar.

Wani ɗan'uwanmu, da kyakkyawar niyya, ya ce a bar masa. Ya ɗauke ta bai gaya wa kowa ba, ya kai wa wani mai gyaran babur. Shi kuwa ya sa samfefa ya goge tsatsar har ya cinye baƙin rinin da ke kare ƙarfen. Ya samo doguwar waya ta ƙarfe, ya naɗa mata tsumma, ya riƙa zura ta ta baki yana jan ta kamar mai daka. Ya tsiyaya baƙin mai a ko'ina. Don ya gwada aikinsa kuma, ya yi ta ɗana kunama yana saki ba harsashi, ƙas, ƙas, ƙas, har ya gamsu. Aka dawo da ita tana walƙiya.

Ran da kawu ya sami sauƙi aka miƙa masa, ya zare sakata, ya ɗaga bututun wajen hasken taga ya leƙa. Ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya kira ɗan'uwan namu, ya ce masa, yaro, Allah ya yi maka albarka, amma da ka bar ta da tsatsarta da ya fi. Muka ga kamar rashin godiya ne irin na tsofaffi. Sai da aka fita bayan gari aka kafa gwangwani, muka ga bindigar da a da ba ta kuskuren kan kurciya yanzu ƙwayarta na bin inda ta ga dama, kwanso kuma in an harba ya ƙi fitowa sai an sa tsinke an ɓanɓaro shi.

Ga abin da ya faru. A cikin bututun irin wannan bindiga akwai wasu tsagogi siriri da aka yanka a murɗe, tun daga gindi har baki. Su ke sa ƙwaya ta fita tana juyi kamar katantanwa, juyin nan kuwa shi ke miƙar da ita. Wurin da ya fi kowane muhimmanci shi ne leɓen bakin bututu, inda ƙwaya ke yin sallama da ƙarfe. In gefe guda ya ɗan cinye, ko da ido bai gani ba, iskar albarushi za ta riga fita ta nan ta ture ƙwayar gefe. Wayar mai gyaran babur ta gurje leɓen nan. Saki kunama ba harsashi kuwa, a bindiga mai wuta a cibiya sau da yawa ba ya ɓarna, domin allura iska take duka. Amma a tu-tu, musamman tsofaffin ƙira, allura gefen mazauni take nufa, in ba tagullar da za ta tare ta sai ƙarfe ya daki ƙarfe. Kaɗan-kaɗan gefen ya lotsa ya yi ɗan tudu zuwa ciki, shi ne ke riƙe kwanso. Kan allurar ma yakan dakushe ko ya karye.

Hidimar adaka dabam

Laifin ba na mai gyaran babur kaɗai ba ne, domin ko maharbi ƙwararre yakan faɗa wannan rami. Ita adaka baƙin albarushi take ci, tokarsa kuwa tana jan laima daga iska kamar yadda gishiri ke yi da damina. In aka harba aka kwana ba a wanke ba, da safe sai a tarar tsatsa ta fara. Shi ya sa tsofaffin maharba da 'yan bindigar fada ke wanke tasu da ruwan zafi ran da suka harba, su busar da ita sarai, su shafe ta da mai. Daidai ne, kuma wanda ya bar wannan al'ada wata rana bututu zai ci daga ciki ya tsage a hannunsa. Bututun adaka kuma shafe yake ba tsagi, ta baki ake ɗura ta, ta baki ake share ta, ba abin da zai lalace. Tun da mun zo nan, ya kamata a faɗi wani abu ko da ya ɗan kauce: albarushin da ke cikin harsashin zamani ba irin na adaka ba ne, ƙarfinsa ya ninka, wanda duk ya fasa harsashi ya juye shi cikin adaka to yatsunsa da idonsa ya sa a caca.

Harsashin tu-tu ma a da can yana barin wani gishiri mai cin ƙarfe, shi ya sa tsofaffin bindigogi da yawa cikinsu ya rarake. Amma wajen 1927 kamfanin Remington ya fito da maganin wuta wanda ba ya barin gishirin nan, sauran kamfanoni suka bi. Tun daga nan ba ta bukatar ruwa, ba ta kuma bukatar a riƙa dirje cikinta kullum. Har ma ɗan kakin da ƙwaya ke bari yana kare ƙarfe. Gwanayen gasa sun san cewa in aka wanke bututu tas, sai an yi 'yan harbe-harbe kafin ya koma saitinsa, saboda haka sukan yi harbi ɗaruruwa kafin su taɓa cikinsa. Tu-tu ɗin da yawan sharewa ta baki ya kashe ba su da iyaka.

Wurin da ke son kulawa a kai a kai shi ne mazaunin harsashi da fuskar sakata. A nan toka da kaki ke taruwa su daskare. Akwai wata 'yar ƙugiya a jikin sakata wadda ke fizgo kwanso bayan harbi, da ɗan ramin da take shiga a gefen bututu. In dauɗa ta cika ramin, sakata ba za ta rufu ruf ba, allura ta yi duka ba ƙarfi, bindiga ta ƙi tashi. Tsohon buroshin haƙori da tsinken sakace da tsumma mai tsabta sun isa wannan aiki. Kada a sa ƙusa ko bakin wuƙa.

In lokacin share bututu ya yi, watau an ga saiti ya fara kaucewa, ko ruwa ya taɓa ta, ko za a ajiye ta ta daɗe, sai a zare sakata a shiga ta baya, yadda ƙwaya ke bi. A yi amfani da sanda miƙaƙƙiya wadda aka yi don wannan lamba, mai rufi ko ta tagulla, a goge ta kafin kowace shiga don kada ta ɗauki rairayi. A jiƙa ɗan ƙyallen auduga da ruwan wanke bindiga, in babu ko kananzir kaɗan ya yi, a tura shi ya fita ta baki, a cire shi a can, kada a jawo dauɗa baya. A bar shi ya jiƙa na 'yan mintoci. In akwai dalma da ta manne, sai a bi da buroshin tagulla sau kaɗan, a tura shi ya fita gaba ɗaya kafin a jawo, domin juya shi a tsakiyar bututu yana ɓata shi. Sa'an nan a bi da busassun ƙyallaye har ɗaya ya fito da haske. Wanda ba shi da sanda, ko bindigarsa ba ta buɗuwa ta baya, igiya mai ƙarfi da ɗan nauyin tagulla a kanta ta wadatar: a sako ta daga mazauni, a jawo ta miƙe ta baki, kada ta gogi leɓe. Fetur kuwa a nisance shi, ga haɗarin gobara ga cin fentin ice.

Rani da damina

Maganar mai ita ce inda ƙasar Barno ta sha bamban da abin da ke rubuce a takardar da ke zuwa tare da bindiga, domin waɗanda suka rubuta ta ba su san hunturunmu ba. Shekara a nan kashi biyu ce ga ƙarfe, kowane kashi da abokin gabansa. Daga Nuwamba zuwa bazara iska bushe take ƙayau, tsatsa ba ta da ƙarfi, ƙura ce sarauniya. A wannan lokaci yawan mai shi ne cuta, domin duk inda mai ya kwanta ƙura ta sami masauki. Ɗigo ɗaya a tsumma, a shafa jikin sakata, a sake gogewa har sai ya zama kamar ba a sa ba. Ramin allura da wajen kunama a bar su kusan a bushe. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa sai al'amari ya juye. Laima ta cika ɗaki, gumin hannu kaɗai ya isa ya bar shaidar yatsa ja a jikin ƙarfe cikin kwana biyu. Nan ne ake son a shafe duk ƙarfen waje da mai, a bi cikin bututu da ƙyalle mai ɗan maiƙo, a kuma riƙa dubawa kowane mako. Amma kafin a harba sai a bi da busasshen ƙyalle a kwashe man.

Wane mai? In an sami na bindiga, to madalla. In ba a samu ba, man keken ɗinki ya fi kusa. Man gyaɗa da manja da man shanu na miya ne, in suka kwana biyu a zafin Maiduguri, inda watan Afrilu kan haura awo 40, sai su yi danƙo su riƙe allura. Baƙin mai da aka tsiyayo daga inji kuwa cike yake da gugar ƙarfe da toka. Kube na fata da bargo, kamar yadda muka gani a gidanmu, laima suke riƙewa: na tafiya ne, ba na ajiya ba. Icen bindigar ma yana shan wahalar wannan juyi, ya kumbura da damina ya tsuke da rani, har kusoshin da suka haɗa shi da ƙarfe su saki, saiti ya kauce. A riƙa taɓa su da sukudireba daidai bakinsu, ba da ƙarfi ba. A kuma ɗaga ta daga ƙasa saboda gara.

Akwai wani maƙiyi da ba a cika tunawa da shi ba, watau zanzaro. Ramin bututun tu-tu daidai yake da irin wurin da yake so, in ya sami bindiga a rataye sai ya shiga ya yi gininsa na laka. Mai ita ya ɗauka bai leƙa ba ya harba, bututu ya kumbura ko ya tsage. Haka nan in bakin ya caki ƙasa a daji. Leƙa bututu ta baya, bayan an zare sakata, bai fi aikin daƙiƙa biyar ba. Ita kuwa bindigar da ta nutse a ruwa, kamar yadda kayan dubban gidaje suka nutse sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024 ruwa ya mamaye babban sashe na Maiduguri, ba a gyara ta da shafa mai daga waje. Sai an raba ƙarfe da ice, an wanke laka, an busar, wanda ya san aikin ya duba. Harsasan da suka jiƙa kuma an yi asararsu.

Dama harsashin tu-tu bai da juriya kamar sauran. Inda ƙwaya ta haɗu da kwanso ba a toshe yake sosai ba, laima da mai suna iya shiga su kashe albarushi. Zafi yana narkar da kakinsa. Mai zuba shi a aljihun riga tare da goro da canji, ya sani kakin nan na kwasar rairayi, rairayin kuma cikin bututu za shi. A bar shi cikin kwalinsa, a wuri mai sanyi. In aka ja kunama bai tashi ba, kada a yi garajen buɗewa, a ci gaba da riƙe baki wajen da aka nufa kamar rabin minti, domin wani yakan yi jinkiri sa'an nan ya tashi. In kuma aka ji ƙarar ta fito a raunane, fus, ba kamar kullum ba, to a dakata, mai yiwuwa ne ƙwaya ta tsaya a tsakiyar bututu, ta biyu in ta same ta a nan bututun ya gama aiki.

Baƙin da ke fitowa jikin ƙyalle kuma akwai dalma a ciki. Mutanen Arewa ba sa bukatar a yi musu dogon bayani kan dalma tun bayan abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubarta daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Abin da ke jikin tsumman bindiga bai kai wannan ba, amma jikin yaro ba ya raina kaɗan. Kada a yi aikin bisa tabarmar cin abinci, kada a ci goro ana yi, a wanke hannu da sabulu, tsumman kuma a kawar da shi inda yaro ba zai ɗauka ba. Al'adar nan ta riƙe harsashi a baki yayin da hannu ke aiki, a daina ta.

Abin da doka ta ce

Duk wannan bayani na wanda ya riƙe bindiga bisa ƙa'ida ne. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yanzu ita ake bi, ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai haramtattu, irin su bindigar soja da ƙaramar bindigar hannu, waɗanda sai da iznin Shugaban Ƙasa. Akwai na amfanin kai, irin su mai baki biyu da bindigar farauta mai tsagi, inda tu-tu mai dogon bututu ta faɗa, lasinsu na hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Sai masu ɗuri ta baki kamar adaka, waɗanda al'amarinsu ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Dokar ta hana ba da lasin ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka ɗaure kan laifin ta da hankali cikin shekara 5 da suka wuce. Ta kuma hana gyaran bindiga sai ga wanda hukuma ta ba izni. Ashe ke nan ɗan'uwanmu da mai gyaran babur, ban da ɓarnar da suka yi, sun taka doka ba su sani ba. Share bindiga aikin mai ita ne, amma abin da ya kai ga fiƙe ƙarfe, ko taɓa kunama, ko sake allura, ya wuce hurumin tsakar gida.

A ganina ma wajen ajiya ya fi wajen sharewa nauyi, musamman a gidajenmu masu yawan yara da baƙi. Bayan ƙofa da ƙarƙashin katifa ba ma'aji ba ne, yaro ɗan shekara bakwai ya san duk wani lungu na ɗakin ubansa fiye da uban. Tu-tu kuwa ba ta da nauyi, kunamarta ba ta da tauri, daidai hannunsa take. Akwati mai kwaɗo ake so, bindiga ba kome cikinta, sakata a zare a ɓoye wani wuri, harsasai a wani wurin na uku, mabuɗi a jikin mai gida.

Lasin kuma ba a gadonsa kamar gona, sunan mutum ɗaya ne a kai. Da kawu ya rasu, bayan an yi sadakar bakwai, manyan gida suka zauna kan kayansa, aka zo kan bindiga. Wasu samari suka nuna sha'awa, babban wansu ya ce a'a. Washegari ni da shi muka zare mata sakata, muka leƙa bututu, muka shafe ta da man keke karo na ƙarshe, muka haɗa da littafin lasin da ragowar harsasai goma sha ɗaya da muka tarar cikin wani gwangwanin shayi. Muka kai ofishin 'yan sanda, aka karanta lambar da ke jikin ƙarfen aka rubuta, aka ba mu takardar shaida, muka komo Gomari kafin azahar.